Makin na'ura ba ya nuna gajiyar ƙwaƙwalwa

A tiyatar da ake yi ta ƙananan huji da kyamara, kayan aiki suna shiga ciki ne ta wani bututu da aka kafa a bangon ciki. Bututun nan shi ke juya komai: ka kai hannu dama, bakin almakashi ya nufi hagu. Allon kuma ba ya nuna zurfi. Sabon ɗalibi a nan hankalinsa yake ƙarewa kaf, babu ragowar da zai lura da jijiyar da ke gefe.

Na'urar kwaikwayo, wadda ɗalibi ke atisayen tiyata a kanta ba a jikin mutum ba, tana rage wannan sosai. A 2002, a Jami'ar Yale ta Amurka, an raba likitoci 16 masu neman ƙwarewa gida biyu. Waɗanda suka yi atisaye da na'urar kwaikwayo mai suna MIST-VR sun raba madaciya da hanta cikin sauri da kashi 29 cikin ɗari, kurakuransu kuma sun ragu ƙwarai.

Sai dai na'urar lokaci take ƙirgawa da motsin hannu da kuskure. Ɗalibai biyu za su ci maki ɗaya, ɗaya da sauran nutsuwa, ɗaya kuwa ya kai maƙura. Na biyun shi ne zai rikice ranar da jini ya ɓalle.

Ana auna nauyin da ke kan ƙwaƙwalwa da takardar NASA-TLX ta 1988 mai tambayoyi shida: aikin ƙwaƙwalwa, aikin jiki, matsin lokaci, ingancin aikin da aka yi, ƙoƙari da takaici. Rauninta, bayan an gama ake cikawa, ɗalibi kuma yakan ji kunyar cewa ya sha wuya. Na fi yarda da a ba ɗalibi wani ƙaramin aiki na biyu yana tsakiyar atisaye: ƙara ta tashi ba zato, ɗalibi ya taka feda. A fara auna saurinsa yana zaune ba ya komai, sannan a auna yana ɗinki. Jinkirin da ya ƙaru shi ne nauyin.

Kuskuren masu horarwa shi ne ɗora wa sabon shiga tabarau mai nuna ɗakin tiyata gaba ɗaya, da hayaniya da masu shigowa da tambaya. Binciken da aka yi a Denmak ya nuna hakan yana ƙara wa sababbi nauyi, aikinsu kuma ya lalace. A fara da riƙon kyamara, sai ɗaukar abu daga hannu zuwa hannu, sai yanka, ɗinki a ƙarshe. Atisayen kuma a rarraba shi gajere-gajere cikin kwanaki, kada a haɗe shi yini guda. Hayaniyar ta jira sai jinkirin taka fedar ya sauko.