Godiya Ga Waɗanda Suka Tsaya Mini Har Na Kammala Difloma

Alhamdu lillahi, sakamako ya fito. Na kammala difloma ta ƙasa, wato ND, a fannin fasahar ofis da gudanarwa, wanda ake kira OTM, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Filato. Sunana ne a jikin takardar, amma hannuwan da suka ɗauke ni zuwa nan suna da yawa.

Inna, ke ce farko. Duk sanyin Jos, da asuba kike karɓar jikanki ki goya, ki ce in tafi kada mota ta wuce ni. Allah ya saka miki da Aljanna. Maigida, kuɗin makaranta da na mota daga Unguwar Rogo ba su taɓa zama abin gori a bakinka ba. Yaya, kwamfutarka da ka bar mini ita ce ta sa yatsuna suka saba, har nake buga rubutu ba tare da kallon madannai ba. Na gode.

Malamanmu na sashe, musamman wanda ya koya mana gajeren rubutu irin na Pitman, Allah ya ƙara basira. Darasin nan ya sa da yawa daga cikinmu kuka, amma bai taɓa gajiya da maimaita mana ba.

Sai Hajiya, shugabar rajista a ofishin da na yi SIWES, horon nan na sanin makamar aiki na wata huɗu da ɗalibai ke yi, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ke kula da shi, wadda hedikwatarta ma tana nan Jos. A aji mun koyi Word da Excel, da tsara wasiƙa, da lissafin kuɗi. A wurinki na ga yadda ake aikin. Ke kika nuna mini cewa duk wasiƙar da ta shigo sai an buga mata hatimi da kwanan wata, an shigar da ita littafi, kafin ta hau teburin kowa. Kika koya mini rubuta bayanan taro: abin da aka yanke da wanda aka ɗora wa aiki, ban da gardamar da aka sha a tsakani. Sannan abin da kika fi nanatawa, cewa abin da sakatariya ta gani a fayil ba ya bin ta gida. Na ga albashin mutane da takardun asibitinsu da na ladabtarwa suna ratsa hannunki, ban taɓa jin kin ɗauko zancen kowa ba. Masu ce mini "duk wannan wahala don ki zama sakatariya kawai?", da sun zauna kusa da ke yini ɗaya da sun canza magana. Ni dai ina alfahari da wannan sana'a.

Ƙawayena da muka riƙa haɗa kuɗin hoton takardu, muna bita har magariba, Musulmi da Kirista, Allah ya bar zumunci. Wadda ta riƙa kawo mini darasi gida lokacin da ɗana ya kwanta asibiti, kin san kanki, ba ni da abin biyanki.

Yanzu saura shekara ɗaya ta aikin sanin makama kafin in nemi babbar difloma ta ƙasa, wato HND. Duk wanda ya san ofis a Jos ko Bukuru da ke buƙatar mai taimaka wa sakatare, don Allah ya sanar da ni. Ina kuma roƙon addu'arku.