Mawaƙin da ba shi da ubangida

Daren jiya wani yaro ya kunna min waƙar da ya yi kan tsadar rayuwa, a ɗakinsa ya ɗauka da aron makirfo, har ƙarar fanka kana ji a ciki, wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Babu kamfani babu ɗan siyasa a bayansa, gidan rediyo sun ce masa ba za su iya sakawa ba, sai dai ta WhatsApp take yawo. Ni tsoro nake ji masa gaskiya, Fela Kuti ma da sunansa a 1977 sojoji suka ƙona masa gida saboda bakinsa, balle yaron da ko lauya bai da shi. Mu da muke turawa juna muna jinjina, ran da aka zo ɗaukarsa waye zai fito?