Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Fijon Alhaji Ta Ƙi Tashi

Makon jiya na tsaya a inda Maigida ya ɗauke ni daga wankin kayan inji, ya fara barina in riƙe sifana. A wancan zamanin kusan duk motar da ke shigowa garejinmu na Ƙofar Ruwa Fijo ce, 504 galibi, irin wadda ake harhaɗawa a Kakuri ta Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki tun 1975.

Da damina ne, an kwana ana ruwa, sai ga wani Alhaji an jawo tasa da igiya. Tun kafin a gama gaisawa ya fara faɗa: ya sayi sabon batir, an tura ta har yaran unguwa sun gaji, ta ƙi tashi. Na nufi akwatin kayan aiki, Maigida ya ce, "Kai yaro, dawo nan. Kunnenka nake so, ba hannunka ba."

Ya ce Alhaji ya murɗa makulli. Injin ya juya da ƙarfinsa, gir-gir-gir, amma bai kama ba.

"Me ka ji?"

Na ce, "Tana juyawa, Maigida."

"To ka wanke batir da kikistata mai juya injin daga zargi."

Nan ya tsaya ya karanta mini, Alhaji yana ta duba agogo. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri, batir ya yi sanyi, ko kansa ya yi tsatsa ya saki. In ƙas guda ka ji, fitilun gaba kuma ba su dushe ba, nemi kikistata. Idan kuwa inji yana juyawa lafiya, abu biyu ake fara tambaya, wuta da mai. Matsin silinda sai a ƙarshe, don shi ne mai cin kuɗi. Har yau ina jin haushin bakaniken da ke kwance kabireta bai duba wuta ba, ya ɓata wa mutum yini a banza.

Mai dai akwai, don da na buɗe murfin iska na taɓa totur, na ga fetur ya tsarto cikin kabireta. Sai Maigida ya zare wayar fulogi ɗaya, ya sa na riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji. Aka murɗa, babu ko ƙyas. Ya zare babbar wayar da ta fito daga koyil, mai ƙara wa wutar batir ƙarfi, ya gwada ta haka nan, sai ga wuta shuɗiya tana tsalle.

"Wuta ta fito daga koyil, ba ta isa fulogi ba. Wa ke tsakani?"

Na ce dilko, wato mai rarraba wutar zuwa kowane fulogi.

Ya ɓalle ƙugiyoyin nan biyu ya ɗaga murfin. Ciki ya yi gumi, ga wata siririyar tsaga kamar gashi, ɗan gawayin tsakiya da ke taɓa rota mai juyawa tana raba wutar kuma ya cinye. Danshin dare ya shiga, wutar tana bin tsagar tana zurarewa. Aka aike ni cikin kasuwa na sayo murfi, ya sa na mayar da wayoyin da kaina ina faɗar jerin da silinda ke karɓar wuta da baki: 1, 3, 4, 2. Murɗawar farko ta tashi.

Alhaji ya yi shiru, can ya ce, "To batirin da na saya fa?"

Maigida ya ce, "Ranka ya daɗe, tsohon ma lafiyarsa lau. In ba ka bayar ba, ka adana."

Ashe ya riga ya bar wa mai shagon a kan kuɗi kaɗan. Da zai tafi ya miƙo mini naira biyu, kuɗin farko da kanikanci ya ba ni, kuma su ne suka haɗa ni rigima da babban yaron garejin. Wannan sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.