Inuwa da ledoji a filin jirgin Garwa

Mun raka Goggo filin jirgin Garwa, a arewacin Kamaru, za ta tashi aikin Hajji, Allah Ya sa karɓaɓɓe. Mai tafiya ɗaya, 'yan rakiya mota guda, haka muka saba. Rana kuwa ba a magana. Duk inda darbejiya take, jama'a sun yi cincirindo a gindinta, har wani tsoho ya shimfiɗa darduma yana fifita da hularsa.

Abin da ya dame ni shi ne aikinmu mu 'yan rakiya. Ledar ruwa, ɓawon gyaɗa, guntun nama a takarda, kowa ya yar ya wuce. Wani ma'aikaci da ke tsincewa ya ce min: "Malam, ba ƙazanta kaɗai ba ce. Shara na jawo shirwa da hankaka, tsuntsu kuma in ya faɗa injin jirgi, sai dai addu'a." Jikina ya yi sanyi, Goggo na ciki fa. Tun 2014 aka hana siraran ledoji a Kamaru, amma je ka kasuwa ka gani.

Su ma kamfanonin da ke cin kasuwa a irin waɗannan wurare akwai haƙƙin gari a wuyansu. Garuruwan Marwa da Gidar, nan arewacin Kamaru, sun riga sun samu tashoshin sola, ranar kuwa iri ɗaya ce da tamu. A kafa rumfar sola a wurin ajiye motoci, ga inuwa ga wuta. A ƙara bishiyoyi nesa da titin jirgi, a ɗauki yaran unguwa aikin ban ruwa, a biya su.