Yadda na bi gidajen Nguru daga bakin tasha

Da na tashi ƙirga magidantan Nguru ta Jihar Yobe da gano shekarun gidajenta, daga tashar jirgin ƙasa na fara, don a nan ne sabuwar Nguru ta kafu. Layin dogon da ya taso daga Kano, ya ratsa Ringim da Malam Madori, ya iso nan a 1930, kuma nan ya tsaya. Gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu ne suka jawo shi. Amma kada mai bincike ya ɗauka jirgi ne ya haifi garin: tun kafin zuwan Turawa Nguru mazaunin Galadiman Borno ce.

Kuskurena na farko wajen adadi ne. Ƙidayar 2006 ta ba da mutum wajen dubu 150, na kuwa rubuta shi a matsayin yawan mutanen gari, alhali na ƙaramar hukumar ne baki ɗaya, har da ƙauyuka.

Na biyu ya fi cin lokaci. Na riƙa ƙirga zaure, kowane zaure gida ɗaya. Ashe bayan zaure guda sai ka tarar da sassa huɗu ko biyar, ga 'yan haya a ɗakunan waje. Dole na koma baya da tambaya ɗaya tak: “Baba, tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan?” Ita ce ke fitar da yawan magidanta. Sai kuma in tambayi wanda ya kwana a gidan jiya, domin da rani 'yan ci-rani kan cika shaguna da soraye, damina na faɗuwa su watse. Ƙirgar watan Maris da ta Agusta ba za su taɓa zuwa ɗaya ba.

Shekarun gini kuwa, rufi yaudara ne. Kwano ana sauya shi. Ƙasan bango nake dubawa, inda filasta ta ɓare, in ga tubalin ƙasa ne ko bulo. Kwatas ɗin reluwe ba su da wuyar ganewa: fasali ɗaya, jere a layi, kicin da bayi a ware.

Sunan unguwa ma shaida ne, amma ta jiya. Hausari na nuna inda Hausawa suka fara sauka a ƙasar Mangawa, ba wai su kaɗai ke ciki yau ba. Kuma kafin ka buga sallama a ko'ina, fara gaida mai unguwa ya haɗa ka da ɗan rakiya. In ba haka ba, za a zaci haraji ka zo rubutawa, yaran gida su ragu a baki.