Ƙaramar kwamfuta mai ƙarfi: inda aikin ya kai bayan wata uku

'Yan uwa masu koyon haɗa kwamfuta, barkanmu da war haka. Ga bayanin inda aikin ƙaramar kwamfutar nan ya kai, tun daga ranar da aka ɗauki awo har zuwa yau da ta cika wata uku tana aiki kullum. Ga wanda bai san da zancen ba, madabod ɗinta, wato babban faifan da ake jona duk sauran sassa a kansa, samfurin Mini-ITX ce mai milimita 170 a kowane gefe, an saka ta a akwatin da bai wuce lita 11 ba, tare da furosesa Ryzen 7 7800X3D, da RAM samfurin DDR5 guda biyu, da katin hoto mai kaurin gurbi biyu. Akwatin da aka saba gani a ƙarƙashin tebur yakan kai lita 40 ko fiye, kun ga ke nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu ake magana.

Abin da wata ukun nan ya fito da shi fili shi ne, ƙarfi ba ya cikin abin damuwa. Furosesa da kati ba ruwansu da girman akwati, muddin iska na isa gare su gudunsu ɗaya ne. Abin da ke raba mai jin daɗin kayansa da mai cizon yatsa abu biyu ne, zafi da ƙara. Dukansu kuma tun ran gini ran zane, wato tun wurin awo ake gyara su ko a ɓata.

Awo kafin sayayya

Yawancin akwatunan da ke ƙasa da lita 12 an raba su biyu ne da bangon ƙarfe a tsakiya: madabod a gefe ɗaya, katin hoto a ɗaya gefen, suna ba juna baya, wata faffaɗar waya da ake kira raiza ce ke haɗa su. A wasu akwatunan bangon yana matsawa. Ku ɗauki Fractal Design Terra mai lita 10.4 a matsayin misali: tsayin masanyayin furosesa yana iya kamawa daga milimita 48 zuwa 77, kaurin kati kuma daga 72 zuwa 43. Ku haɗa lissafin, za ku ga jimlar ba ta wuce 120 ba ko ta ina aka matsa bangon. Duk milimitar da aka ba kati, daga hannun furosesa aka ƙwace ta.

Nan ne da yawa ke yin kuskuren farko. Mutum ya ga masanyayi Noctua NH-L12S tsayinsa 70, katinsa kuma kaurin 50, ya ce ai sun cika 120 cif, an gama. Za su shiga, murfi zai rufe, amma fankar kati za ta kusa manne wa murfin mai huji-huji. Idan fukafukan fanka na wucewa dab da hujin, iska na tsinkewa tana wani irin kuka mai shiga kunne, wanda rage gudun fanka ba ya kawar da shi gaba ɗaya. A bar tazarar milimita huɗu ko biyar tsakanin fanka da murfi, musamman a gefen kati inda fankoki ke fuskantar waje. Shi ya sa aka zaɓi kati mai gurbi biyu a wannan aikin. Gurbi ɗaya milimita 20 ne da ɗoriya, don haka kati mai gurbi biyu yana kusan 40, mai biyu da rabi kusan 50, mai uku ya haura 60. Kada ku dogara da adadin gurbin da aka rubuta a kwali, ku nemi kaurin a milimita, don kamfanoni kan kira kati mai gurbi biyu alhali rufin fankarsa ya ɗan zarce.

Akwai awo biyu da ake yawan mantawa. Na farko tsayin RAM: idan fankar NH-L12S tana ƙarƙashin fukafukan ƙarfen, RAM ba za ta wuce milimita 35 ba, don haka masu dogon kambu da fitilu ba su da wuri. Na biyu filogin wutar kati. Sabon filogin nan mai ɗaukar har wat 600, wanda ake kira 12VHPWR ko 12V-2x6, ba a son a lanƙwasa wayarsa dab da bakinsa, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a bar kusan milimita 35 a miƙe. A ƙara wannan a kan faɗin katin kafin a ce ya shiga. Kuma a tura filogin har ya yi ƙas, a haska fitila a duba ko akwai ɗan layi tsakaninsa da gidansa. Narkewar filogi da aka yi ta gani a 2022 galibi daga rashin shigarsa ƙarshe ta taso: wuta mai yawa na bi ta ɗan wurin da ya taɓa, wurin ya ɗau zafi, roba ta narke.

Na'urar raba wuta kuwa ƙaramin samfurin nan ne da ake kira SFX, milimita 125 da 63.5 da 100. Akwai SFX-L da ta fi ta tsawo da milimita 30. Wannan talatin ɗin ba ƙaramin abu ba ne, domin nan ne wayoyi ke samun wurin kwanciya, ko fankar ƙasa ta samu gurbi. Wat 750 ya wadatar da irin wannan haɗin har da rara.

Ranar haɗawa

An fara kunna komai a waje, madabod a kan kwalinta, kafin a ɗaura ko noti ɗaya a akwati. Wannan matakin bai kamata a tsallake shi ba, domin a akwatin lita 11 ciro RAM ɗaya na iya nufin kwance masanyayi gaba ɗaya. A kunnawar farko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci. Haka madabod ɗin AM5, wato mai ɗaukar irin wannan furosesar, ke yi, tana gwada RAM ne don ta daidaita da ita, kuma hakan na iya cin minti biyu ko fiye. A yi haƙuri a jira, kada a zare wuta.

Tsarin da ya fi sauƙi: a saka SSD, wato ma'ajiyar fayiloli, na bayan madabod tukuna, sai furosesa, sai RAM, sai a jona wayar furosesa mai baki takwas da ƙananan wayoyin maɓallin kunnawa tun madabod tana hannu, sannan masanyayi. Da zarar masanyayi ya hau, yatsa ba ya kai wa kusurwar sama. A tuna a ɓare ledar da ke ƙasan masanyayi kafin a shafa man zafi, a kuma ɗaure notocinsa kaɗan-kaɗan, wannan kusurwa sai mai kallonta, don nauyin ya sauka daidai.

Gargaɗi ɗaya da ya cancanci a maimaita: wayoyin na'urar raba wuta ba a aron su daga wata na'urar. Bakin da ke shiga kati ko madabod iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga na'urar kowane kamfani da tsarinsa, wani lokacin ma samfuri biyu na kamfani ɗaya sun bambanta. Filogi zai shiga lafiya lau, sai bolt 12 ya je inda ba wurinsa ba, SSD ya ƙone nan take. Mai son gajerun wayoyi don rage cunkoso ya sayi waɗanda aka yi wa samfurin na'urarsa takamaimai.

Matsalar da ta ci yini guda

Komai ya tashi a kan kwali, amma da aka shigar akwati sai allo ya ƙi kawo hoto. Fankoki na juyawa, fitila na ci, hoto babu. Abu ɗaya ne ya ƙaru tsakanin gwajin waje da na ciki, wato wayar raiza. Tsohuwa ce ta zamanin PCIe 3.0 (PCIe ita ce hanyar da kati ke magana da madabod), kati da madabod kuwa sun yi yarjejeniyar magana da gudun 4.0, wanda ya ninka na 3.0. Wayar ba ta iya ɗaukar saƙon da tsabta, sai maganar ta yanke. Wani lokacin alamar ba baƙin allo ba ce, sai dai wasa ya riƙa tsayawa ko kwamfuta ta sake tashi da kanta, wanda ya fi wuyar ganowa.

Maganin wucin gadi: a zare wayar allo daga kati a mayar da ita bakin HDMI na madabod, tunda 7800X3D na da ɗan sashen hoto a cikinsa, a shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, a nemo gudun gurbin PCIe, a cire shi daga zaɓin kai-tsaye a kafe shi a Gen 3. Hoto zai dawo. Sai dai duk ranar da aka sabunta BIOS ko aka goge saitinsa, matsalar za ta dawo ita ma. Maganin dindindin raiza ce mai 4.0, kuma ita aka saka a mako na biyu. Wajen sakawa kada a karya ta kamar takarda, a bar ta ta yi lanƙwasa mai laushi.

Rage wuta, inda jin daɗin ya fara

A makon farko kwamfutar tana aiki amma ba ta da daɗin zama kusa. Fankar furosesa na tashi tana sauka ko shafin intanet aka buɗe, kati kuma in wasa ya yi nisa sai ya cika ɗaki da huci. Yawancin masu sayar da ƙaramar kwamfutarsu cikin fushi a wannan matakin suke tsayawa, alhali aikin bai ƙare ba: saura rage bolt, wato ƙarfin wutar da ake ba furosesa da kati.

Dalilin da ya sa rage bolt ke da tasiri haka shi ne, wutar da guntu ke ci tana tafiya ne da bolt sau bolt. Idan aka rage bolt da kashi 10 cikin ɗari a gudu ɗaya, wutar na sauka da kusan kashi 19. Duk wat ɗin da ba a ci ba, zafi ne da ba sai fanka ta fitar ba.

A furosesa, ana shiga Precision Boost Overdrive a BIOS, a buɗe Curve Optimizer, wato saitin rage bolt, a zaɓi ragi. An fara da 10, aka yi kwana biyu ana aiki, aka koma 15, sannan 20. Ba kowace furosesa ce ke jure 30 ba, ko da samfurinsu ɗaya. Abin lura a nan, in ragin ya yi yawa, ba lokacin aiki mai nauyi kwamfuta ta fi faɗuwa ba. Tana iya cinye gwajin nauyi na manhajar Cinebench na rabin awa lafiya, sannan ta mutu tana zaune ba ta komai, domin a ƙaramin aiki ne ƙwaya ɗaya daga cikin ƙwayoyin furosesa ke tsalle zuwa ƙololuwar gudu da ɗan bolt. Saboda haka gwaji biyu ake yi, na nauyi da manhajar OCCT, da kuma barin ta a kunne dare guda. In ta sake tashi da kanta, a koma baya da maki biyar. Iyakar zafin wannan furosesar digiri 89 ne, sauran 'yan gidan Ryzen 7000 marasa X3D kuma 95, kuma an yi su ne su riƙa matsawa kusa da iyakar idan aiki ya yi nauyi. Ganin 80 da wani abu a manhajar duba zafi ta HWiNFO lokacin gwaji ba abin tayar da hankali ba ne.

A kati, hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe manhajar MSI Afterburner a sauke iyakar wuta zuwa kashi 80. Asarar gudu kaɗan ce, sau da yawa ido ba ya gani. Mai son ya ƙure sai ya danna Ctrl da F, layin bolt da gudu ya fito, ya zaɓi bolt ɗin da ke ƙasa da wanda katin ya saba hawa, ya ɗaga gudun wurin, ya miƙar da sauran layin. A gwada da wasanni biyu ko uku mabambanta, don saitin da ya tsaya a wannan yana iya faɗuwa a wancan.

Sai fanka. Kunne ya fi jure ƙara mai ɗorewa a kan mai hawa da sauka. Zafin Ryzen yakan yi tsalle na daƙiƙa ɗaya ya dawo, fanka kuma ta bi shi a banza. An miƙar da layin fankar furosesa a gudu ɗaya har zuwa digiri 70, aka kuma sa jinkirin daƙiƙa biyar kafin ta amsa. Fankar akwati an juya ta tana fitar da iska, aka ɗaura gudunta a kan zafin kati ta manhajar Fan Control, domin kati ne babban murhu a ciki, BIOS kuwa galibi zafin furosesa kawai yake gani. Wani siririn kuka da ke fitowa daga kati a allon farko na wasa ba na fanka ba ne, ƙananan naɗin waya ne ke rawa saboda hotuna na gudu ɗaruruwa a daƙiƙa. Kafe adadin hoto daidai da ƙarfin allo ya kusan kashe shi.

Abin da har yanzu bai gamsar ba

SSD na bayan madabod yana matse tsakanin madabod da bayan kati, ba iska. Idan ana kwafar manyan fayiloli yakan haura digiri 70 ya rage gudu don kare kansa. An mayar da Windows da wasanni kan na gaba mai rufin ƙarfe, na bayan ya zama ma'ajiya. Wannan kauce wa matsalar ne, ba a warware ta ba.

Gurbin RAM biyu ne kacal, gurbin kati ɗaya, don haka ƙari yana nufin canji. Ƙura kuma tana shiga kai tsaye tunda babu matata a murfin, kuma saka matata na toshe iskar da ake fama a samu. Ana hure ta duk wata, ana riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. Kuma kada wani ya zaci ƙaramin akwati na rage zafin ɗaki: wat 300 wat 300 ne, ko daga wane akwati ya fito.

Masu tambaya ko haɗaɗɗiya daga kamfani ta fi, irin Mac mini na 2024 mai santimita 12.7 a kowane gefe, ko ƙananan kwamfutocin NUC da Intel ta miƙa wa ASUS a 2023: ga wanda ba ya buƙatar babban kati, sun fi shiru kuma babu wahalar awo. Sai dai a Mac mini ba a ƙara RAM bayan saye, don haka a ƙayyade ta tun ranar farko.

Aikin da ke gaba shi ne gwada siririn faifan ɗaukar zafi tsakanin SSD na baya da bangon tsakiya, ko ƙarfen zai janye zafin. Sai an auna tazarar tukuna, domin faifan da ya yi kauri zai lanƙwasa SSD ɗin, kuma bangon kansa yana ɗaukar zafin kati lokacin wasa. Za a ɗauki ma'auni sau biyu, da kati a zaune da kuma yana aiki, kafin a yanke ko a bar faifan ko a cire.