Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Wasiƙar da Ta Gagare Ni a Penn Yan

A shekarata ta biyu ta karatun tarihi a Amurka, malamarmu ta kai mu wani ƙaramin gari mai suna Penn Yan, a bakin tafkin Keuka da ke jihar New York, domin mu ga kayan da aka adana a gidan tarihin gundumar Yates. A can na daɗe tsaye gaban wata malafa mai faɗin baki, da keken doki, da zanen fuskar mai su, wato Jemima Wilkinson, ina sauraron labarin da ya hana ni barci a daren nan.

An haifi Jemima Wilkinson a 1752 a Cumberland ta Rhode Island, cikin iyalin mabiya ɗariƙar Quaker ta Kiristoci. A watan Oktoban 1776 zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da ita, da ta tashi kuwa sai ta ce Jemima ta mutu, wani ruhu ne daga Allah ya shiga gangar jikin, ruhun da ba namiji ba ne kuma ba mace ba ce. Sabon sunan shi ne Public Universal Friend, wato Aminin Kowa da Kowa, kuma tun daga ranar ba a sake amsa tsohon sunan ba, ko da daga bakin 'yan uwa na jini.

Al'adata ce duk ƙarshen wata in rubuta wa Baba wasiƙa da Hausa in ba shi labarin abin da na koya. A wannan karon alƙalamina ya tsaya cik, domin Hausa ba ta barin mutum ya yi motsi sai an ce "ya" ko "ta", kai, har kalmar amini ma tana da aminiya a gefenta. Mabiyan kansu sun sha wannan wahala, inda da yawansu suka riƙa maimaita sunan a rubuce-rubucensu don kauce wa zaɓin. Daga ƙarshe na ɗauki "su" ɗin girmamawa da muke yi wa manya a gida, na ci gaba da rubutu.

Na gaya wa Baba cewa sun yi wa'azi cikin baƙar riga mai faɗi a Rhode Island da Connecticut da Massachusetts, cewa a Philadelphia jama'a sun jefi masaukinsu da duwatsu, cewa sun yi kira da a bar bautar da mutane har alƙali William Potter, ɗaya daga cikin mabiyansu, ya 'yanta bayinsa. A matsayina na Musulma ban karɓi zancen mutuwa da dawowa ba, na kuma rubuta masa hakan ƙarara. Amma abin da ya kama zuciyata shi ne matan da suka bi su zuwa dazukan yammacin New York, suka kafa garin Jerusalem, suka ƙi aure, suka mallaki gonaki kuma suka shugabanci gidaje, a zamanin da dukiyar matar aure take hannun mijinta a dokar ƙasar. Sarah Richards, ɗaya daga cikin matan nan, ita ce ta riƙe filayen jama'ar da sunanta har rasuwarta a 1793.

Filayen nan ne suka jawo rigima, har wasu tsofaffin mabiya suka kai ƙarar Aminin bisa zargin saɓo. A 1800 kotu a Canandaigua ta ce babu laifin da za a hukunta, aka ma gayyaci Aminin su yi wa'azi ga waɗanda suka hallara. Sun rasu ranar 1 ga Yulin 1819.

Amsar Baba ta iso bayan makonni shida, shafi uku cif da rubutun ajami, kuma layin farko tambaya ce: "Su waye suka ci gadon gonakin matan nan?" Abin da na amsa masa, da saɓanin da ya biyo baya tsakaninmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.